Da Sauƙi, In Ji Baki

A ɗan ƙauyenmu da ke kusa da Yekuwa, lokacin tatsuniya shi ne lokacin da aka gama cirar gyaɗa, ɗari ya fara shigowa. Shi ne kuma lokacin ciwon ciki, don mu yara ba mu san ƙoshi ba. Mu wuni a gona muna ɓarar ɗanyar gyaɗa, mu dawo gida mu tarar da dafaffen wake mu ɗora a kai. Kafin a idar da sallar isha'i cikin kowa ya yi tam, ana ta mutsu-mutsu a kan tabarma.

Kaka Azumi, uwar babanmu, ita ke hura wuta da karan hatsi a tsakar ɗakinta, mu kewaye ta. A gajiye take koyaushe. Ta wuni tana sussuka da ɗiban ruwa a rijiya, ga ciwon gwiwa, ga mu. Duk wanda ta ga yana murɗa-murɗa sai ta jawo shi, ta danna masa ciki da tafin hannunta mai kaushi, ta ce ya nuna mata wurin da yatsa ɗaya. Maganinta kuwa ɗaya ne ga kowane ciwo: jar kanwa a ruwan ɗumi. Wani lokaci ya yi aiki, wani lokaci mutum ya sha ɗacin banza.

Ni da wana, Yaya Habu, mu ne ke zama dab da ƙafafunta. Da yake jikoki ne mu, wasa take da mu, tana kiran mu mazajenta. Ni ne mijinta marowaci, shi kuma mijinta mai cin tukunya. In ta ga dama sai ta tura kara cikin wuta ta ce:

"To ga ta nan ta zo, da ƙafarta ta zo. Wanda ya yi gyangyaɗi ba na maimaita masa."

Akwai tatsuniya ɗaya da take yawan yi mana a irin waɗannan ranaku. Wai a da can, gaɓoɓin jikin mutum gida ɗaya suke zaune kamar iyali. Ciki yana can ƙuryar gida, a ɗakin da ba taga, aikinsa niƙa dare da rana, ba ya fita, ba wanda ya taɓa ganin fuskarsa. Baki kuwa a zaure yake zama, shi ke tarbar baƙi, shi ke amsa gaisuwa. Kowa a garin yana yabon ladabinsa.

Wata rana Ciki ya kamu da ciwo. Ya aika wa Baki cewa in mai magani ya biyo ta ƙofar gida a tsayar da shi, a gaya masa gefensa na zafi in abinci ya sauka, kuma abin da yake fitarwa ya canza kama. Mai magani ya zo bisa jakinsa, ya yi sallama, ya ce, "Yaya mai jiki?" Baki ya gyara zama ya ce, "Da sauƙi, alhamdu lillahi." Mai magani ya ce madalla, ya kaɗa jakinsa ya wuce.

Ciki ya ji haushi, ya shiga ihu daga ƙurya ko wani zai ji shi. Kaka ta ce wannan shi ne ƙugin da muke ji a cikinmu. Da ihun bai yi ba, sai ya aika wani ɗan aike ta ƙofar baya. A nan take dakatawa ta dube mu ɗaya bayan ɗaya ta ce, "Shi kuwa wannan ɗan aiken, da ya fito kowa sai ya toshe hanci ya ce ba daga gidansu yake ba." Yaya Habu yakan yi dariya har ya kwanta a ƙasa, ko da ya ji wurin nan sau nawa.

Daga ƙarshe Ciki ya roƙi Hannu. Shi Hannu bai iya gaisuwa ba, bai san kunya ba. Da mai magani ya sake biyowa, Baki na cikin cewa da sauƙi, Hannu ya je ya dafe daidai inda ke ciwo ya ƙi ɗagawa. Mai magani ya gani, ya sauko daga jaki.

Abin da ban lura da shi ba sai da na girma shi ne ƙarshen labarin ba ɗaya ba ne. Ranar da Kaka ke da sauran ƙarfi, mai magani yakan ba da sassaƙe, Ciki ya warke, a ci Baki tara. Ranar da gajiya ta cinye ta kuwa, sai ta ce mai magani ya sauko, ya duba, ya girgiza kai ya ce da an kira shi tun bara. Mu ce ai ba haka ta ƙare ba rannan. Ta ce, "Yau haka ta ƙare. Ƙurunƙus, ku tashi ku ba ni wuri, ƙashina ya gaji."

Ita ma Kaka da nata ciwon ya zo, abin da Baki ya yi shi ta yi. Ina Magariya ina koyon ɗinki aka ce ta bar cin tuwo, sai ɗan kunu. Ta rame, zanenta ya yi mata yawa. Duk wanda ya leƙa ɗakin ya gaishe ta, da sauƙi take cewa, mutane su ce Allah ya ƙara sauƙi su fito. Amalanke na nan ɗaure a ƙofar gida, ba wanda ya ga dalilin ɗora ta a kai, tunda mai ciwon da kanta ta ce da sauƙi. Har yau ba mu san abin da ya ci ta ba.

Yanzu ni ma furfura ta fito mini, ina nan Magariya bisa kekena na ɗinki, bayana ba ya miƙewa sai na dafa bango. Yaya Habu yana ƙauye yana noma. Gab da babbar salla ya zo in ɗinka masa kaya. Da na ɗora masa awo sai na ga kafaɗa ta zube, wuya ya yi tsawo, ciki kuwa ya ɗan turo. Na ce, "Yaya, lafiya kuwa?" Ya ce aikin gona ne, bana rana ta yi yawa. Amma duk zaman da ya yi a shagon, hannunsa na ƙarƙashin riga, dafe da saman cibiya.

Matarsa ce ta gaya mini sauran ta waya, murya ƙasa-ƙasa. Ya daɗe da barin tuwo, in ya yi loma biyu sai ya ce ya ƙoshi. Wani lokaci ya yi ta zirga-zirga zuwa bayan gida, wani lokaci kuma a yi kwanaki ko motsi babu. Ga ƙwayoyin ciwon jiki na masu talla a bayan keke, yana haɗiya da sassafe kafin ya tafi gona, ciki ba komai. Ya sha kanwa, ya sha sabara, ya sha rubutu. Na je ɗauko shi in kai shi wurin likita ya ce sai an gama roron wake. Na koma ya ce sai an ɗaure hatsi. Na gaji da zuwa, na gaji da roƙo, har na fara jin haushinsa. A zuwa na ƙarshe ban roƙe shi ba, na zauna a ƙofar gidansa na ce ba na tashi sai da shi.

A gidan likita mun sha layi tun hantsi har rana ta take. Likitan yaro ne, bai fi ɗan Yaya na fari ba, idonsa ja don gajiya. Ya ce, "Baba, me ke damunka?"

Yaya ya ce, "Da sauƙi, alhamdu lillahi."

Likita ya ajiye biro ya shafa fuska. "Baba, tun safe duk wanda ya zauna kan kujerar nan da sauƙi yake ce mini. Ni ba gaisuwa nake yi ba, tambaya nake yi." Sai ya shiga jero su a hankali. Ina ne ke ciwo, tun yaushe, kafin cin abinci ne ko bayansa, akwai amai, bayan gida ya canza, wane launi ne, ya taɓa ganin jini.

Yaya ya dubi ƙasa, ya ɗago ya dube ni, ya sake duban ƙasa. Nan na gane. Mutumin da ya goya ni ina ƙarami ba zai buɗe baki ya yi zancen bayan gidansa a gaban ƙanensa ba, ko da ransa ne zai fita. Na ce bari in duba mai moton da ya kawo mu, na fita na jawo ƙofa. Na zauna a benci. Can sai na fara jin muryarsa ƙasa-ƙasa, ba na jin abin da yake cewa, amma ya daɗe yana magana.

Bayan an ɗebi jini, an kai abin da za a kai wurin analis, wato ɗakin gwaji, likita ya kira ni da yardar Yaya. Ya ce ciwon ciki ba ciwo ɗaya ba ne. Yana iya zama tsutsa, ko ruwan sha marar kyau, ko gyambon ciki, wanda ƙwayoyin nan ke iya jawowa ko su tsananta, ko matsalar hanta, ko wani ƙari a hanji. Da ido ba a rabe su. Abin da bai yi masa daɗi ba shi ne ramar, da daɗewar canjin, da baƙin launin da Yaya ya ce yana gani a bayan gidansa, ga jininsa kuma ya yi ƙasa. Ya hana shi ƙwayoyin talla, ya rubuta masa wasu, ya ce mu tafi Damagaram a leƙa cikin da na'ura, kada mu jira kasuwa ta ci. Na tambaye shi ko mugun abu ne. Ya ce, "Ban ce shi ne ba, ban ce ba shi ba ne. Shi ya sa nake aika ku."

Ina yaro na ɗauka Baki maƙaryaci ne kawai, shi ya sa muke murna in an ci shi tara. Yanzu na san ba mugunta ta sa shi ba. Haka aka koya mana duka: mai ciwo ya gode wa Allah, kada ya ɗora wa mutane nauyi, kada ya faɗi abin kunya. Tarbiyya ce mai kyau a zaure, sai dai mun shiga da ita har ɗakin likita, inda ba a buƙatarta. Ina jin Kaka ta san haka sarai, ta kuma san ita kanta ba za ta iya ba. Wataƙila shi ya sa take ta maimaita mana, ko mu za mu iya.

Abin da tatsuniyar ba ta koya mini ba shi ne abin da mai sauraro zai yi in an gaya masa gaskiyar. Washegari muka shiga motar Damagaram, aka matse mu a kujerar baya. Mun bar gari ke nan, Yaya yana kallon gonaki ta taga, bai juyo ba ya ce:

"Laminu, tun kafin shuka abinci bai zauna mini ba. Da dare ba na barci. Tsoro nake ji."

Tun da nake da shi ban taɓa jin ya faɗi kalmar nan ba. Ni da na yi watanni ina neman ya yi magana, ga shi yau ya yi. Na cire jakata daga tsakaninmu don ya samu wurin jingina, na ɗaga murya na roƙi direba ya bi ramukan a hankali.