Ƙaramin Famfon Yaya Lawali

Shekara bakwai ke nan cif da rasuwar yayana Lawali, bakanike a Gusau, kuma har yau a-kori-kurar da ya bari ce ke ciyar da iyalinsa da nawa. Ni nake tuƙa ta, ina ɗauko hatsi daga Bilbis da Tsafe. Ta tsufa, ni ma gaskiya na gaji.

Mota ce irin ta da mai kafireto, wato inda mai ke taruwa ya haɗu da iska kafin ya shiga inji. Da famfon manta na asali ya mutu, Yaya ya sa mata na lantarki, ɗan ƙarami, ya ɗaure shi can ƙasa kusa da tanki, don a cewarsa irin wannan turo mai ya iya, bai iya jawowa ba. Ya kafa mini doka guda: in na murɗa makulli kada in tayar, in saurari famfon yana tik-tik-tik har ya lafa, alamar kafireto ya cika. Ni kuwa akwai gaggawa. Sai ya riƙe mini hannu ya ce, "Saurin mi kake, Sani? Bari ta sha."

Bara famfon nan ya gama kwanansa. A gareji aka nuna mini guda biyu, ƙarami irin nasa da wani ƙato na motocin zamani masu injekta. Na ɗauki ƙaton, wai ni mai wayo, a ganina ƙarfi ya fi. Mai garejin bai hana ni ba, don shi ma rabonsa da taɓa kafireto ya daɗe.

Ban kai Kwatarkwashi ba warin fetur ya cika motar. Na buɗe bonet na tarar mai yana malala daga kafireto, yana ɗiga dab da ƙarfe mai zafi. Famfon ya fi ƙarfinsa. Na kashe mota na zauna a bakin titi. Da ta kama wuta a ranar, da gida biyu sun rasa abin ɗora tukunya, kuma da hannuna. Kunyar Yaya ta kama ni kamar yana tsaye a kaina.

Nakan tambayi kaina abin da zai ce da ya ga yau. Mai ya yi tsada, hanyar Tsafe sai da addu'a, masu sanin irin motarsa suna ƙarewa. Kowa cewa yake in sayar. Ina jin ƙarƙashin mota kawai zai shiga.

Na samo ƙaramin famfo a Tsafe na mayar inda ya ɗaure nasa. Garejinsa an mai da shi shago, kayan aikinsa an raba, Allah ya jiƙansa. Abin da ya rage mini shi ne ɗan jiran nan na kowace safiya. Jiya wani ɗan kasuwa da na ɗauko a motar ya gaji da zama ya ce, "Malam Sani, mi ake jira?"

Na ce, "Bari ta sha."