Ranar Da Na Tafi Ɗauko Inna Ladi a Kan Keke

Ranar wata Alhamis ce, sati biyu bayan Babbar Sallah, a shekarar da na cika tara, na saci keken babana na fita neman teku. Na ɗaure gorar ruwa da 'yan dabino a bayan sirdi, na tura shi a hankali har na bar lungunmu na unguwar Ranuna a birnin Manzon Allah, sannan na soka ƙafa ta ƙarƙashin sandar, don in na hau sirdin ƙafata ba ta kai feda.

Keken nan shi ne ƙafar babana. Da shi yake zuwa gonar dabinon da yake yi wa aiki a bayan Kuba, ya dawo da yamma da ciyawar awakinmu a ɗaure. Ni aikina in goge shi, in ba shi iska, in ɗiga wa sarƙar mai, kafin in ruga wajen ƙwallo babu takalmi. Hawa kuwa, ko a mafarki.

Abin da ya fitar da ni shi ne Kaka Hajara, mahaifiyar babana. Daga ƙasar Kano ta taso a ƙafa tun tana amarya, tare da ƙanwarta Ladi. Sun yi shekaru a hanya, suna noma suna gaba. Da suka isa bakin teku a Sudan cikin Ladi ya tsufa, sai ita da mijinta suka ce su Kaka su haye, za su biyo jirgi na gaba. Jirgin da Kaka take jira ke nan har kanta ya yi fari fat. Duk lokacin aikin Hajji sai ta ja sandarta zuwa Harami, in ta ji ana Hausa ta tsaya: "Bayin Allah, ko kun san wata Ladi mai wushirya?" Mu jikoki mu yi ta ƙyalƙyala dariya a bayanta. Ita kuwa sai ta ce, "Tana nan ƙetaren ruwa. In da rai da rabo."

Wata rana malaminmu ya ce ƙasar da muke ciki sunanta Jaziratul Arab. Na dawo na tambayi Kaka me ake ce wa jazira da Hausa. Ta ce, "Tsibiri ke nan, ƙasar da ruwa ya kewaye ko ta ina." Shi ke nan, na gama lissafina. In ruwa ya kewaye mu, to duk hanyar da na bi za ta kai ni gaɓa, Inna Ladi kuma tana tsallake. Har mamaki nake yadda manya da gemunsu suka kasa gano abu mai sauƙi haka.

Na wuce gonaki, na wuce inda kwalta ta ƙare, na shiga cikin baƙaƙen duwatsun nan da muke kira harra. Kafin azahar tayar baya ta fashe, ruwana ya ƙare, leɓena ya tsage. Wani manomi Balarabe ne ya tsince ni ina kuka a gindin katanga. Da na tambaye shi saura nawa in kai teku, sai da ya yi dariya har da hawaye, sannan ya loda mu, ni da keken, a bayan motarsa.

Na tarar babana ya riga ya zare bel. Kaka ta ja ni bayanta, ta ce in faɗa mata inda na je. Da Hausata mai rabi Larabci na ce, "Na je bahar ne, Kaka, in jibo miki Inna Ladi," wato na je teku in ɗauko ta.

Bel ɗin ya faɗi daga hannun babana. Ya durƙusa a gabanta ya ce, "Ya Ummi, ya isa haka, ki yafe mini. Inna Ladi ta rasu, shekara shida ke nan. Wani alhaji ya kawo mini saƙon, na kasa faɗa miki. Amma wallahi ba zan bari ɗana ya mutu a harra saboda shiruna ba."

Kaka ta yi salati. Can ta ce, "Ta bar baya?" Babana ya ce mutumin bai faɗa ba. Ta shafa kaina ta ce, "Ka gaji, je ka sha ruwa." Daga ranar ba ta sake tare wani alhaji ba, kuma ba ta ga aikin Hajji na gaba ba. Na yi kukan mutuwarta fiye da kowa, don a raina ni na jawo.

Bara na kai 'ya'yana Bahrain, tsibirin gaske, mota ta haye da mu ta kan gada kamar wasa. Na yi musu hayar kekuna, suna ta zagaye a bakin ruwa suna ihu da Larabci, ni kuma na samu benci na zauna. Yau da waya ɗaya ake gano mutum ko a ina yake, babu mai jira shekara hamsin. Har gobe ban san ko alheri na yi wa tsohuwar nan ba. Na dai san cewa kafin in fita da safiyar Alhamis ɗin nan, tana da ƙanwa.