Allon da Aka Kafa a Ƙofar Gidan Koci Rademacher

Ranar Talata, tara ga watan Maris na 1976, da hantsi, ina tsakiyar darasin tarihi aka ƙwanƙwasa ƙofar aji aka ce mini Koci Orval Rademacher ya rasu a gidansa, yana da shekara saba'in da ɗaya. Mai abu ya karɓi abinsa, kuma dukkanmu can muka nufa.

Koci, shekara talatin da tara ka yi wa wannan kwaleji tamu ta Ashgrove, nan jihar Iowa ta Amurka, hidima. Da kaka ƙwallon Amurka, da hunturu ƙwallon kwando da kokawa, ƙanƙara na narkewa kuma ka fito da yara filin guje-guje. Kai ke zana layin fili, kai ke tuƙa motar 'yan wasa, matarka Lorene ke wanke musu riguna. Sau nawa ka shigo ajina ba sallama, ka zauna can baya da hularka a gwiwa, don ka ga ko yaranka suna zuwa darasi? In an tashi sai ka nuna wani ƙato ka ce, "Malama, wannan ya san wani abu kuwa, ko kujera kawai yake ɗumama miki?" Yaron ya yi ta sosa ƙeya, washegari kuma sai in gan shi a layin gaba.

Na so in tsaya a nan. Amma abin da na gani wajen jana'izarka ya hana ni, don har yanzu yana ci mini rai.

A kakar 1958 ne, ranar wasanmu na ƙwallon Amurka da kwalejin maƙwabta, wanda duk shekara ake yi a kan wata tsohuwar garwar madara, ita ce kofin wanda ya ci. Daf da hutun rabin lokaci aka maka Duane Kolterman, gwaninmu na jifan ƙwallo, da ƙasa, kansa ya bugu. Ya tashi yana tangaɗi. Ka riƙe kafaɗarsa ka ce, "Duane, yau wace rana?"

"Kirsimeti, Koci."

"To, barka da Kirsimeti. Samu benci ka zauna."

Sai ga Merle Stuckey, mai sayar da motoci, shugaban ƙungiyar tsofaffin ɗalibai, ya sauko daga wajen 'yan kallo yana huci. "Orval, kanka ɗaya kuwa? Mayar da yaron nan fili!"

Ka ce, "Merle, in garwar madara kake so, akwai sabuwa a shago. Shi kuwa kai ɗaya uwarsa ta haifa masa."

Aka ci mu da maki uku. Ranar Lahadi kuka dawo daga coci kai da Lorene, kuka tarar an kafa allo a kan ciyawar ƙofar gidanku, an rubuta GIDAN SAYARWA. Ba wanda bai san ma'anar wannan ba a garin nan: tattara naka ya naka ka bar mana gari. Kafin sabuwar shekara an karɓe ƙwallon Amurka daga hannunka. Bayan shekara biyu aka karɓe kwando da kokawa, aka bar maka guje-guje, tunda shi ba mai zuwa kallo. Da maganar ta zo taron malamai, muka sunkuyar da kai muna duba takardu. Har da ni. Ina koya wa yara tarihin masu tsayawa kan gaskiya, ranar kuwa ko tari ban yi ba.

Kai ba ka bar gari ba, ba ka kuma zagi kowa ba. Ka tumɓuke allon ka kai lambu ka ɗaure tumatir a jikinsa. "Katako ne mai kyau, Lorene, kada ya tafi a banza." Ka ci gaba da tsayuwa a bakin fili cikin iskar Afrilu da agogo a hannu, kana auna gudun yara bakwai kamar duniya ce ta taru.

Ranar jana'izarka, mutanen nan su ne a layin farko, kowa da hankicinsa. Merle ya hau mumbari ya ce kai uba ne gare su. Ban taɓa jin magana mai tayar da zuciya kamar wannan ba. Suka kuma sanar cewa za a sa wa sabon zauren wasanni sunanka, alhali ba wanda ya tambayi Lorene.

Sai ranar Juma'a suka tuna da ita. Ina gidan, na kai mata abinci, Merle ya shigo da mutum biyu, suna neman yardarta. Lorene ta miƙe. Ta fita lambu ta dawo da allon, ƙasa na zuba daga gindinsa, ta jingina shi da teburin cin abinci.

"Merle, ba sai kun wahala neman katako ba. Ga naku nan, shekara goma sha bakwai yana riƙe mana tumatir. Ai ka gane rubutun hannunka."

"Haba Lorene, abin da ya wuce..."

"Ku rataye shi a ƙofar zauren yadda yake, ku rubuta sunan Orval a ƙarƙashi, na yarda. In ba za ku iya ba, ku bar mini sunan mijina."

Merle ya ƙura wa hularsa ido kamar yau ya fara ganinta. Suka fita. Har yau ba su dawo ba, zauren kuma ba shi da suna.

Amma Koci, na ga wanda ya riƙe gaban akwatinka. Duane ne, wanda likita ya ce a wancan makon da an sake buga kansa da bai kwana da rai ba. Yanzu likitan dabbobi ne, ya taho tun daga Nebraska da 'ya'yansa mata uku.

Allah ya jiƙanka, ya yafe maka kurakuranka, ya ba ka hutun da ba ka samu a hannunmu ba. Ina miƙa ta'aziyyata ga Lorene, da 'yarku Ardis, da jikoki, da duk wanda ya taɓa gudu kana riƙe da agogo. Allah ya ba su haƙuri. Mu kuma da muka sunkuyar da kai ranar da ya kamata mu ɗaga, Allah ya gafarta mana.