Zoben Makullin da Oga Chidi Ya Ajiye Mini

Yau shekara shida ke nan da rasuwar Oga Chidi, mai wayarin ɗin mota a Sabon Gari. Jarida ba ta ɗauki labarin mutuwarsa ba, kuma a Fagge mutane ƙalilan ne suka ce Allah sarki. Ni da nake wannan rubutu abokinsa ne na shekara goma sha biyar, kuma ni ne na ɓata masa suna.

A Kano aka haife shi, Hausarsa ta fi ta wasunmu. Rumfarsa ba ta wuce benci ɗaya, akwatin ƙarfe da wata tsohuwar mitar gwada wuta ba. Aibinsa ɗaya a wurinmu, nawa wajen aiki. Ka kai masa mota sai ya fara tambayarka yaushe ta fara, da safe ne ko bayan ta yi zafi, kamar likitan da ba shi da kowa a layi. Mukan tsokane shi cewa kafin ya kwance noti ɗaya wani ya sauke inji. Shi kuwa dariya kawai yake yi.

Motar da ta jawo abin ta Yaya Alhaji Sabo ce, wana uwa ɗaya uba ɗaya. Tsohuwa ce 'yar Kwatano, irin mai sikiyoriti, wadda ba ta tashi sai ta gane ɗan ƙwayar da ke cikin kan makullinta. Da zai tafi Umra ya bar mini makullin, ya ce in riƙa ɗumama ta a gida kawai. Ni kuwa na mayar da ita tawa, har ɗaurin aure Wudil na je da ita. Saura kwana huɗu ya dawo, ta ƙi tashi. Sitata na juyawa, inji ba ya kamawa, ga wata 'yar jar fitila mai hoton makulli tana ta ƙiftawa.

Aka ja mini ita zuwa wurin Chidi. Ranar farko ya gwada batir, ya bi fis ɗaya bayan ɗaya, ya duba makullin ya ce lafiyarsa ƙalau. Rana ta biyu ya kwance ƙasan sitiyari, ya bi waya da mitarsa har ya kai ga wani zobe da ke kewaye da ramin makulli, wanda shi ne ke karanta ƙwayar. Ya ce waya ce ta tsinke a cikinsa, motar ta daina gane mai ita. Zai nemo wani wajen masu kayan gyara, in ba shi kwana ɗaya ko biyu. Na ce masa akwai wanda ya ce zai tashe ta cikin awa guda. Ya ce ya san yadda ake yi, cire sikiyoritin za a yi gaba ɗaya daga ƙwaƙwalwar motar, daga nan ko makullin da aka yanka a bakin kasuwa zai tashe ta. Ya ce shi ba ya yi wa motar mutum haka, balle mai ita ba ya gari.

Raina ya ɓaci. Da yamma na sa aka turo ta Fagge, wurin wancan mutumin, ya cire mata sikiyoritin, kuma kafin magariba ta tashi. Da ita na ɗauko Alhaji a filin jirgi, ban ce masa komai ba sai dai Chidi ya ɗan duba ta.

Bayan mako uku aka sace ta da rana tsaka a bakin Kasuwar Singa. Lissafin Alhaji bai da wuya: motar ba ta tashi sai da makullinta, makullin kuwa bai taɓa kwana a waje ba sai a hannun Chidi. Ya yi wannan magana a tsakar gida ina zaune. Kalma biyar ta isa in wanke bawan Allah, amma na ji tsoron idon yayana, na sunkuyar da kai. Aka kai ƙara, Chidi ya yi kwana huɗu a tsare, aka sake shi don babu hujja. Sai dai a Fagge an riga an yanke hukunci, kuma kasancewarsa ɗan Sabon Gari ya sa maganar ta yi wa mutane sauƙin haɗiya. Masu kai masa mota suka janye.

Chidi ya faɗi cewa an ɗauke motar kafin ya gama, ba wanda ya saurare shi, ni kuma da aka tambaye ni na ce ban tuna daidai ba. Sau ɗaya muka haɗu bayan haka, a bakin titi. Ya ce, "Malam Nasiru, ka san motar nan ba ta tashi a hannuna ba. Tura ta kuka yi." Na ce masa za mu yi magana. Shekara biyu yana raye bayan nan, ban koma ba. Hawan jini ne ya tafi da shi.

Yanzu garejojin Sabon Gari sun cika da masu kwamfuta. A jona wa mota, minti biyu ta faɗi ciwonta. Nakan tambayi kaina me Chidi zai ce. Ina jin zai yi murna da na'urar, don bai taɓa ƙin sabon abu ba. Abin da zai ƙona masa rai shi ne, na'urar ta nuna zoben ne ya lalace, amma mai mota ya ce a cire kawai, sauri yake yi. Kwanan baya na ji wani na faɗin haka da bakinsa, sai na ji kamar muryata ce aka naɗa. Masu cirewa sun yi gidaje. Wanda ya ƙi cirewa har yau akwai masu kiransa ɓarawon mota.

Da na je ta'aziyya, matarsa, Maman Ngozi, ta karɓe ni da mutunci fiye da yadda na cancanta. Da zan tashi ta shiga ɗaki ta fito da wata 'yar leda, an rubuta sunana a jiki da rubutunsa. Ta ce, "Ya ce naka ne. Washegarin ranar da ka ɗauke motar ya samo shi, yana ta jira ka zo."

Zoben yana cikin durowata har yanzu. Ba motar da zai shiga, ban kuma iya yar da shi ba. Abin da ya rage na Chidi ke nan a hannuna, sai sunansa da na riƙe shekara takwas ban mayar ba. Yaya Alhaji yana karanta wannan jarida kowace safiya bayan ya sha koko. Yaya, Chidi bai saci motarka ba. Ni na sa aka buɗe ta.