Rigar Mijin Inna Gaji

Har yau ban manta da ranar nan ba, muna ɗaukar fim a wani ƙauye kusa da Guri. Akwai darakta Malam Sabo, akwai Habu mai fitowa a matsayin mutumin da sojoji suka ɗauke, akwai Inna Gaji, wata tsohuwa 'yar ƙauyen, sai ni. Aikina kayan sawa ne: in aro, in wanke, in goge, in mayar. Ban yi boko ba, amma ko maɓalli bai taɓa ɓata a hannuna ba.

Fim ɗin na zamanin mulkin soja ne, don haka tsofaffin tufafi muke bi gida-gida muna aro. Inna Gaji ta ciro wata shuɗiyar riga daga adaka, bakinta duk busasshen taɓo. Ta ce, "Hajiya, kada ta ga ruwa." Na ɗauka tsoron zubar shuni take. A raina na ce ƙazanta dai. Na jiƙa ta, na dirje ta da sabulu har sau biyu.

Da la'asar Habu ya saka ta, aka fara ɗauka a bakin fadama. Inna Gaji ta fito daga cikin 'yan kallo, ta kama bakin rigar, ta duba, ta saki, ta yi gida.

Malam Sabo ya ja ni gefe. "Mama, wa ya ce ki wanke?"

Na ce, "Tun yaushe nake neman izinin wanki a wurinka?"

Ya ce ta mijinta ce. Daga gonar shinkafa ya dawo, ya rataye ta a danga zai yi wanka, motar soja ta tsaya. Da singileti aka tafi da shi. Ba gawa, ba kabari, ko takaba ba ta san ranar da za ta fara ba. Ta ba da rigar ne don duniya ta gan shi.

Ni mai yi wa yara faɗa kullum a kan amanar kayan mutane, an gaya mini da baki, ban tambayi dalili ba.

Washegari ban aiki kowa ba. Na kai mata rigar da kaina, na durƙusa. Ta ce, "Tashi, Hajiya. Ƙamshinsa ya daɗe da tafiya, taɓon ne kawai ya rage."

Ban tashi ba. Na ce ta gaya mini sunansa.