Ƙwaya Biyu Muke Kira Tikiti

Sallama gare ku, Edita da masu karatu. Na daɗe ina juya wannan magana a raina, in ɗauki biro in ajiye, domin duk sanda na fara sai raina ya ɓaci. Ba zan kama sunan kowa ba, ba wai don sun cancanci rufin asiri ba, sai don wadda ta rene ni ba ta koya mini tonon silili ba. A shekarar da korona ta rufe makarantu, ina ajin ƙarshe a wata makarantar koyon aikin lafiya a nan Mubi. 'Yar Sorau ce ni, iyayena manoma ne, amma tun ina ƙarama ƙanwar babana ta ɗauko ni ta riƙe a gidanta da ke unguwar Yelwa. Allah bai ba Goggo haihuwa ba, mijinta kuma ya rasu, mu biyu ne rak a gidan. Atamfa take sayarwa a ɗakinta, tana fama da asma da hawan jini, kuma tun da na yi wayo ban taɓa cin abinci a kwano dabam da nata ba.

Da aka ce za a buɗe makaranta bayan watannin zaman gida, mun yi murna ba kaɗan ba. Aka kafa kwamiti, aka ɗora malaminmu na darasin cututtuka masu yaɗuwa a kansa, muka ce to madalla, abu ya je hannun mai shi. Ranar farko kam sai wanda ya gani: bokitai masu famfo a jere, sabulu, kowa da takunkumi, ga ƙaton allo an rubuta rigakafi ya fi magani, ga mai gadi riƙe da na'urar auna zafin nan da ake saita wa mutum a goshi, wadda muke kira bindiga. Manyan baƙi suka zo suka duba, aka ɗau hotuna, aka tafi. Ba a jima ba sabulu ya ƙare, bokitan suka koma na wankin babura. Abin da bai ƙare ba shi ne dokar da kwamitin ya kafa: duk wanda bindiga ta nuna jikinsa da zafi, ya koma gida mako biyu, kuma wanda ya rasa firaktikal na ƙarshe, wato gwajin aiki a aikace, ba zai zauna jarrabawa ba sai baɗi. Babu ranar ramuwa, babu uzuri.

Don Allah ku gaya mini, wa aka kafa wa wannan doka? Ɗaliban lafiya fa! Mutanen da aka kwashe shekaru ana koya musu yadda farasitamol ke saukar da zazzaɓi, da tsawon lokacin da yake ɗauka kafin ya kama jiki. Ai kafin ka ce kwabo kowa ya gano mafita. In ka tashi da zazzaɓi, sai ka haɗiyi ƙwaya biyu kafin ka hau keke, ka dafa ledar fiya wata mai sanyi a goshi, ka iso bakin get jikinka lumui. Har suna aka raɗa wa ƙwayoyin, tikiti. Za ka ji ana tambaya a cikin keke, ana dariya, ko ka yanki tikiti. Ni ban yi dariya ba, domin duk tarin da na ji a aji, ƙirjin Goggo nake tunawa.

Na tattara ƙarfin hali na je ofishin Malam. Na durƙusa na gaishe shi, na zayyana masa abin da ke faruwa ba tare da na ambaci kowa ba, na roƙe shi a sa ranar ramuwa ga marasa lafiya, don a daina ɓoyewa. Wallahi abin da na roƙa ke nan, ban ce a rufe makaranta ba. Ya saurare ni yana danna waya, sannan ya yi murmushi ya ce da irin Hausarmu ta Mubi, “Sista, malariya ne. Korona ba ya iya zafin Mubi.” Wannan fa mutumin da ya koya mana cewa ba kowane zazzaɓi ne malariya ba, ya kayar da rabin aji a kan wannan tambayar. Ya ƙara da cewa tun da aka buɗe, bindiga ba ta kama ko mutum ɗaya ba, kuma in aka kama ɗaya za a sake garƙame makarantar, ko zan iya ɗaukar alhakin 'yan ajinmu. Nan na gane ba jahilci ke damunsa ba, ya sani sarai, so yake a ci gaba da cewa get ɗinsa tsaf yake. Washegari a aji ya ce akwai waɗanda ba su karɓi takarda ba amma sun riga sun zama likitoci, yana faɗa yana kallona. Daga ranar sunana ya koma Madam Korona, in na shigo sai a hau tarin ƙarya.

Abokiyar firaktikal ɗina wata ƙawata ce daga tsaunukan Michika, Kirista, yarinya mai kirki da muka sha raba loma tare. Ita ce babba a gidansu, kowa ita yake jira ta gama. Ranar firaktikal na ƙarshe da rana aka kira mu, kuma a junanmu muke gwadawa: bugun jini, zafin jiki, duba maƙogwaro. Ina kama hannunta na ji shi da zafi rau. Na sa mata tamomita, ma'aunin zafi irin na gilashi, a hammata, na ciro, na ga ta haye can sama. Ta kalle ni idonta ya kawo ruwa, ta raɗa mini cewa tikitin safe ya sake ta, kuma kwanakin nan ba ta jin ƙanshi ko ɗanɗanon komai. Na ɗaga hannu na kira Malam, na miƙa masa tamomitar. Ya duba, na ga idonsa ya tsaya a kan layin. Sai ya kaɗa ta da ƙarfi yadda ake yi don ta sauka, ya ce ta tsufa, bindiga ta riga ta wuce da yarinya da safe, in ci gaba da duba maƙogwaro ko in rasa makina. Ƙawata ta sauke takunkumi, ta buɗe baki, na sunkuya a kanta. Tana cikin cewa “aa” tari ya ƙwace mata.

Da na koma gida ban shiga ɗakin Goggo ba. Daga tsakar gida na yi mata bayani, na ce zan koma ɗakin ajiya in riƙa cin abinci ni kaɗai na ɗan lokaci. Ta ce to, amma na ga fuskarta ta canza. Kwana ɗaya, biyu, tana ajiye mini kwano a bakin ƙofa. Ashe wata maƙwabciya ta shigo ta zuga ta, wai haka 'yan boko suke, da sun hango takarda sai su fara ƙyamar tarin tsofaffi. Ranar da abin ya ci ƙarfin Goggo, ta tuƙa tuwon masara da miyar yakuwa, ta zuba a kwanonmu, ta zauna a kan tabarma ba ta ci ba. Na leƙo na ce ta ci mana. Ta ɗago ta ce, “Ɓingel am, ɗiyata, yau ni kike ƙyama?” Na yi bayani har bakina ya bushe, hawaye kawai take yi, ta ce hannun da ya wanke mini kashi ba zai ci abinci shi kaɗai ba tana raye ina raye. Lafiyata ƙalau nake ji a lokacin. Na wanke hannu na zauna muka ci.

Bayan 'yan kwanaki Goggo ta kunna turaren wuta, na ga hayaƙi yana tashi amma ban ji ƙanshin komai ba. Nan na gane na kamu. Ni ciwon bai kayar da ni ba, ɗan zazzaɓi ne da kasala. Ita kuwa da ya kama ta, bai yi mata da sauƙi ba. Zazzaɓi, tari, sai numfashi ya fara gagara, abin shaƙarta na asma ya daina aiki. Na sa ta a keke muka tafi asibiti. Aka tsaga yatsa aka ga 'yar malariya, wa zai rasa ta a garin nan, aka rubuta malariya da taifot. Na roƙa a yi mata gwajin korona, aka ce kayan ɗaukar samfur sun ƙare, kuma ko an ɗauka sai an kai Yola. Na zauna ina kallon matar da ta rene ni tana kokawa da iska kamar kifin da aka jefo kan yashin kogi, ga ilimi a kaina, ba abin da zan iya. Ba ta kai mako ba Allah ya karɓi abarsa. Zan faɗi gaskiya, ba ni da takardar da ta ce korona ce ta kashe ta. Amma ni na riƙe tamomitar nan, na san abin da na gani.

Ƙawata ta warke, ta zo ta faɗi a gabana tana kuka, na ɗago ta, domin ba ita ta kafa dokar ba. Shi kuwa Malam ya zo ta'aziyya tare da wasu malamai, takunkuminsa a ƙarƙashin haɓa. Aka kira ni zaure na durƙusa, aka yi addu'a, aka shafa. Sai ya gyara murya ya tambaye ni wai me ya same ta haka farat ɗaya. Ban taɓa kallon babba cikin ido ba sai ranar. Na ce, “Malariya ne, Malam. Ai korona ba ya iya zafin Mubi.” Hannu kawai ya kai ya ja takunkuminsa ya rufe hanci, ya ɗan matsa baya daga inda nake.

Na yarda da ƙaddara, na san kwanan Goggo ne ya ƙare, amma kada wanda ya fake da ƙaddara ya rufe mini baki. Ku masu riƙe da makarantu da asibitoci, annoba za ta sake zuwa, ko wannan ko wata. In kuka kafa dokar da ke hukunta mara lafiya, ƙarya kuka koya masa, kuma ba a bakin get ɗinku za a biya ba, a ɗakin wata tsohuwa za a biya wadda ba ta taɓa taka makarantarku ba. Ku ɗalibai 'yan'uwana, shekara ɗaya tana dawowa, mutum ba ya dawowa. Ku kuma iyayenmu, in ɗanku mai aikin lafiya ya raba kwano da ku, don Allah ku bar shi, ba ƙyama ba ce. Na ci jarrabawata, ina aiki yanzu, ina nan a gidan Yelwa. Kwanon ma yana nan, a ciki nake ci har yau. Ya yi mini girma.