Iyatu Mai Alewa da Haƙoran Jikarta

Duk wanda ya yi firamare a unguwarmu a Kontagora ya san Iyatu mai alewa. 'Yar Salka ce, aure ya kawo ta gari tana da shekara goma sha tara, kuma har yau in ranta ya ɓaci Kambarci ke fara fitowa daga bakinta kafin Hausa. Mijinta Dogo gyaran injin niƙa yake yi, mutum mai sanyin hali. Ita kuwa ba ta iya zama. Tana tuƙa madara a wuta tana shara, tana yanka gullisuwa tana leƙen ƙofa.

Shekara talatin tana ɗanɗana sukari da zafinsa don ta ji ko ya nuna. Haƙoranta na tauna shida suka tafi a haka, ɗaya bayan ɗaya, na gaba biyu suka yi baƙi. Shi ya sa in za ta yi dariya sai ta ja gefen mayafi ta rufe baki.

Bara aka tura 'yarta Mardiyya koyarwa Zugurma. Ta bar mata Amatullahi, yarinya 'yar shekara biyu da rabi, sai Juma'a take zuwa ta koma Lahadi. Wata safiya Iyatu na goge wa yarinyar baki bayan koko, sai ta hangi ɗigo ruwan ƙasa a haƙorinta na sama. Ta kankare da farce, bai fita ba. Ko kallabi ba ta gyara ba ta saɓe ta sai gidan Eunice, maƙwabciyarsu mai aikin jinya.

Eunice ta ɗaga leɓen yarinyar ta duba. "Mama, ya fara. Amma in ana gogewa safe da yamma zai tsaya a nan. Ƙaramin buroshi, makilin kamar ƙwayar shinkafa. Alewar kuma a rage mata."

"A gidan alewa?" in ji Iyatu.

"To, ko a gidan alewa."

Ranar ta sayo buroshi ja. Amatullahi ta karɓa ta jujjuya shi, ta taje gashin 'yar tsanarta da shi. Da aka nufi bakinta kuwa sai ta datse haƙora ta ce, "A'a." Washegari ta jefa shi a kwata. Na biyun ta cusa a murhu. Iyatu ta gwada waƙa, ta gwada asuwaki, yarinyar ta tauna ta tofar. Ta gwada alkawarin yawo a Keke Napep, aka je yawon aka dawo baki a rufe.

Ran na shida ta matse ta tsakanin cinyoyinta ta toshe mata hanci don ta buɗe. Ihun ya fito da Dogo daga ɗaki.

"Haba Iyatu, sakar min amaryata. Haƙoran nan fa na nono ne, zubewa za su yi."

"Kafin su zube fa, Malam? Ka san ciwon haƙori? Ni na sani."

Ta sake ta dai. Yarinyar ta yini ba ta yarda ta zo kusa da ita ba, ita kuma ta ƙona tukunyar madara guda don hankalinta ba ya wurin.

Bayan kwana biyu Iyatu na tsugune bakin rijiya tana goge nata bakin, ta juya wa tsakar gida baya kamar kullum, sai ta ji an ja mata zane.

"Iya, ba ni. Ni zan miki."

Ko Dogo bai taɓa ganin cikin bakin Iyatu sosai ba. Ta miƙa buroshin, ta buɗe. Amatullahi ta leƙa, ta sa yatsa a giɓin farko, ta sa a na biyu.

"Ina suka je?"

"Sun yi ciwo, likita ya cire."

"Kin yi kuka?"

"Na yi. Da yawa ma."

Yarinyar ta goga mata da ƙarfi har dasashi ya yi jini, Iyatu ba ta motsa ba. Da ta gama Iyatu ta ce, "Saura ni in yi miki." Ta buɗe kaɗan, aka goge na gaba huɗu, ta ƙwace ta gudu.

Da Mardiyya ta zo ran Juma'a ta ga suna yi, sai ta tsaya da jakarta a hannu. Ita ma an cire mata biyu tun tana sakandare.

"Iya, ni ba ki taɓa bi na da buroshi haka ba."

Iyatu ta zubar da ruwan bakinta. "Ban sani ba a lokacin, Mardiyya. Ni dai in kin yi kuka in miƙa miki alewa in koma kan wuta." Mardiyya ta ajiye jakar ta ɗebo musu ruwa.

Ba a ce an gama ba. Wata rana yarinyar ta buɗe da kanta, wata rana sai an zagaya gidan sau uku. Ɗigon yana nan, Eunice ta ce bai ƙaru ba. Yanzu a ɗaki ake shanya alewa, a kulle.

Sana'ar kam Iyatu ba ta bari ba, da ita ake ci a gidan. Sai dai tun zangon nan take zuwa ƙofar makaranta da jarkar ruwa da kofi a gefen farantinta. Duk yaron da ya saya sai ta ce, "In ka cinye ka dawo ka kurkure baki." Yawancinsu dariya suke yi su ruga. Jiya na ga ta bar farantin ta bi wasu 'yan aji ɗaya da kofin har bakin aji, ruwan na zuba mata a zane, malamarsu na tambayar ko lafiya.